Takun Baƙuwar Bene

Shafi na 12

Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce ta daina gaishe ni sai na saki shafi. Ku yi haƙuri. Wannan ɗin ne ya ƙi rubutuwa, sau uku ina goge shi. Ga shi yadda ya zo.

*

Kofin shayin Baba yana nan a ƙasa inda ya faɗi. Babu wanda ya duƙa ya kwashe.

Na riga na tsayar da fim ɗin. Kwamfutata na kan teburin falo, hoton ya daskare a kan wata matakala mai duhu. Editan jaridarmu ne ya ba ni kwafin, ya ce kafin jibi yana son sharhi: in kwatanta Baƙuwar Bene ta da, wadda aka yi shekara ashirin da huɗu da suka wuce, da kashi na biyu da aka saki makon jiya. Na ɗauka Baba ya fita. Da na san yana bayan labule, a kan teburinsa na gyaran rediyo, da ban ƙara sautin ba.

Shi ya haɗa sautin tsohon fim ɗin. Kowa ya sani. Amma a gidanmu ba a ambatonsa. Tun tasowata abu biyu ne in aka taɓo Baba yake tashi ya bar ɗaki: wannan fim, da mahaifiyata, wadda aka ce ta rasu ina da shekara biyu.

"Mayar da shi baya," in ji Baba.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Ban san kana nan ba."

"Ban nemi haƙuri ba, Shiru. Mayar."

Shiru suke ce mini a gida, don tun ina yarinya sai an roƙi magana a bakina.

Gwaggo ta leƙo daga kicin, hannunta duk kumfar sabulu. Yayar Baba ce, ita ta raine ni, kuma har yau, da furfura a gemunsa, Auta take ce masa.

"Me ya fashe kuma? Kofi shida na kawo gidan nan, saura biyu." Sai idonta ya kai kan kwamfutar. Kumfa na ɗiga daga gwiwar hannunta, ba ta share ba. "Ke. Mene ne wannan?"

"Aiki ne, Gwaggo. A ofis aka ba ni."

"Kashe shi."

"Yaya, ƙyale ta."

"Auta, a ƙyale ta? Kai da bakinka?"

Ya jawo kujerar aikinsa, mai ƙafa ɗaya ɗaure da waya, ya juya ta, ya zauna ya ba allon baya.

"Ba za ka kalla ba?" na ce.

"Ni ban taɓa kallon fim ba. Ji nake yi." Ya lumshe ido. "Kafin ki kunna, gaya mini. Me kika rubuta a kansu?"

Shekara huɗu na yi a jami'a ina karanta harkar fim. Aikina na kammalawa ma a kan Baƙuwar Bene na yi shi, a ɓoye, ban taɓa nuna masa ba. Yau ga shi yana tambayata.

"Na ce... a na da ba a taɓa nuna fatalwar ba. Ko inuwarta. Matakala kawai ake gani, da ƙofa, da fuskar matar da ke cikin ɗaki tana saurare. A sabon kuwa minti biyar da farawa an nuna ta."

"Yaya take?"

"Fara fat. Gashi har ƙugu, ido ja. Tana bin bango kamar ƙadangare."

"Sai da ta biya gyaran gashi ke nan kafin ta fito."

Gwaggo ta yi tsaki, amma ba ta koma kicin ba.

"Na ce a na da mutum ɗaya ne ya mutu, shi ma ba a nuna ba, sai takalminsa a kan mataki na biyar. A sabon na ƙirga tara. Jini har kan kyamara."

"Mutane sun tsorata?"

"Suna ihu, sannan su kwashe da dariya. Wanda ke kusa da ni a silima bai daina cin gugguru ba. Na ce sabon kamar mutum ne ya laɓe bayan ƙofa ya daka maka tsawa. Ka zabura, ka zage shi, ka manta. Na da kuwa bin mutum gida yake yi."

Baba ya buɗe ido ɗaya.

"Wa ya gaya miki haka?"

"Ni ya biyo."

Ina da shekara tara na kalle shi a gidan maƙwabta, ta bayan kujera. Wata guda na yi ban iya hawa bene ni kaɗai ba. Da na kwanta sai in ji takun nan yana hawowa, in danne kunnuwana da filo har su yi zafi. Gwaggo ta yi ta tambayata me ke damuna. Da na faɗa mata, ba ta dake ni ba, ba ta yi faɗa ba. Shiga banɗaki ta yi ta daɗe. A lokacin ban gane ba.

"Amma akwai wuri ɗaya," na ce. "Kusa da ƙarshe kiɗan ya ɗauke gaba ɗaya. Aka bar matakala ita kaɗai, kamar a na da. Sai takun ya fara. Baba, silimar nan ta yi tsit. Mai guggurun ma ya ajiye. Na rubuta cewa minti biyun nan ne kaɗai abin kirki a fim ɗin, su ma aro ne. Takunka suka ciro daga tsohon suka liƙa."

"Shi nake so in ji. Faro daga ɗan baya."

Na kunna.

Ƙofa ta yi ƙara.

"Ƙofar ƙarya," in ji shi. "A kwamfuta suka same ta. Tamu tsohuwar jakar fata ce, na riƙa murɗa ta a gaban makirfo."

Iska ta taso.

"Wannan fanka ce."

Kiɗa ya cika falon, ganguna da goge, wata mata na kururuwa.

"Rage, rage. Sun zuba sauti kamar mai jin haushin kunne."

Sai kiɗan ya yanke.

Ƙwam... shaaa. Tik.

Ƙwam... shaaa. Tik.

Har yau tsigar jikina tashi take yi. Na riƙe gefen tebur. Baba ya ɗora yatsa a gwiwarsa yana ƙirgawa, leɓensa na motsi. Bakwai. Takwas. A na tara takun ya tsaya. Aka ji numfashi, dogo, irin na wanda ya gaji. Sannan ya ci gaba har sha huɗu. Shiru. Sai bugu biyu, ƙasa-ƙasa, a gindin ƙofa.

Ƙwas. Ƙwas.

Allon ya yi baƙi.

"Sake," in ji Baba.

Na sake.

"Sake."

A karo na uku hawaye ya gangaro ya shige cikin gemunsa. Ban taɓa ganin Baba yana kuka ba. Ko ranar da likita ya ce idonsa na hagu ya tafi, raha ya yi, ya ce dama ba da shi yake cin abinci ba.

"Goge abin da kika rubuta," ya ce. "Ba aro ba ne."

"Amma iri ɗaya ne sak."

"Faifaina yana cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadona. Ɗan daraktan tsohon fim ɗin ya zo har sau uku bara yana nema wa sabon, na hana shi. Wanda ke cikin fim kuma ya haɗe da ƙarar ruwan sama, ba ya ciruwa."

"To kwaikwayo suka yi."

"Ba ya kwaikwayuwa. Nawa a kan siminti ne, wannan tayil. Nawa ba ya tsayawa a mataki na tara. Kuma nawa sauti biyu ne. Kin ji na ukun? Tik ɗin nan?"

"Na ji."

"Sanda ce, mai roba a gindi." Ya share gemunsa. "Ta fara dogara sanda."

"Wa?"

"Auta," in ji Gwaggo. "Na haɗa ka da Allah."

"Wa, Baba?"

"Auta, ka dube ni. Shekara ashirin da biyu muna lafiya."

"Lafiya muke, Yaya?"

Ya juyo da kujerar. Karo na farko ya fuskance ni.

"Mamanki ce."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi, ƙarama, irin wadda ke fita ba da izini ba.

"Mamana ta rasu."

Famfon kicin na zuba a cikin tukunya, Gwaggo ta bar shi a buɗe.

"Gwaggo. Mamana ta rasu. Ke kika ce."

Ta goge hannunta a jikin zaninta, ta sake gogewa, ko da yake ya riga ya bushe.

Hoto ɗaya gare ni na mahaifiyata. A zaune take bayan keken ɗinki, tana murmushi da gefen baki. Na san kowane layi na fuskarta. Ban taɓa tambayar dalilin da ya sa babu hotonta a tsaye ba.

"Ƙafarta ta dama gajera ce," in ji Baba. "Ciwo ya taɓa ta tun tana ƙarama. Akwai takalmi da ake yi mata, mai tudu a ƙasa. Shi ke ƙwam. Ɗayar kuma ta biyo, shaaa."

"Kai kuma ka sa ta a fim."

"Mako uku na yi ina neman takun fatalwar nan. Na ja buhun yashi. Na ɗaura katako a ƙafata. Na sa mutum ya hau bene da baya. Duk wanda na kai, darakta ya ce ba shi ba ne, wannan tsoro ne na yara. Daga ƙarshe ya ce in Litinin ta yi ban kawo ba, zai nemo wani."

Ya shafa gemunsa.

"Mu masu sauti muna da ɗabi'a. Duk inda muka zauna sai mun bar na'ura tana ɗauka, ko ba komai, don kowane wuri da irin shirunsa. Ranar Asabar na ajiye ta a bakin ƙofarmu, ina son shirun matakala. Na manta da ita. Mamanki ta dawo daga ɗibar ruwa, bokiti a hannu, ta hawo. Da na zo saurare..." Ya girgiza kai. "Shekara uku ina jin takun nan kullum, daɗi yake mini, don yana nufin ta dawo. Ranar, da na ji shi ba tare da ita ba, sai da na waiga bayana."

"Ka tambaye ta?"

"A'a."

"Ka gaya mata?"

"Na ce ba wanda zai gane."

Ya dube ni, ya ce, "Kin san ɗan numfashin nan da ake ji can ƙarƙashin takun, a tsohon?"

Na sani. Shafi huɗu na rubuta a kansa a jami'a. Na ce shi ne abin da ya fi komai ban tsoro a fim ɗin, don ba a san na wane ne ba. Malamina ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta madalla.

"Ke ce. Kina goye a bayanta. Wata biyar gare ki, mura ta toshe miki hanci."

Na zauna a hannun kujera.

"A sabon babu shi," na ce.

"Babu."

Gwaggo ta tafi ta kashe famfon. Ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Gaya mata ranar silima," ta ce. "Tunda ka buɗe, ka ƙarasa."

"Ranar da aka fara nuna shi na kai ta," in ji Baba. "Nunin ƙarfe huɗu. Ita ta ɗinka rigar da ta sa, kwana biyu tana yi. Tana ta murna, wai yau za ta ga aikin mijinta. Da takun ya fara, tun a mataki na farko ta damƙe hannuna. Ga shaidar farcenta nan." Ya nuna wuyan hannunsa. Babu komai a wurin. "Mutane na ihu, wasu na salati, wata ta suma a gabanmu. Ita ko motsi ba ta yi ba. Da aka kunna fitilu ta ce mu jira kowa ya fita."

"Kuka jira?"

"Ni darakta ya aiko a kira ni, wai 'yan jarida na son hoto. Na ce mata minti biyu."

"Minti biyu," in ji Gwaggo.

"Ta jira, ta jira. Mai shara ya ce ta tashi. Ba kowa ne ya gama fita ba. Kuma daɓen silimar siminti ne."

Bai ƙarasa ba. Gwaggo ce ta ɗauka.

"Taku biyu ta yi. Wata mata ta ƙwalla ƙara ta yar da jaka. Kowa ya waigo. Sai wani ƙato ya ce, 'Ga ta nan! Ga Baƙuwar!' Aka kwashe da dariya, har da tafi. Suka buɗe mata hanya ta tsakiya, tun daga kujera har ƙofa, suna yi mata ƙwam shaaa da baki. A waje kuma an ɗaga ubanki sama ana yi masa kirari, wai Kunne, Kunne."

"Ban gan ta ba," in ji Baba.

"Ba ka duba ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Daga ranar shi ke nan," in ji Gwaggo. "Fim ya yi tashe, sunan ya bi ta. A kasuwa, a layi, a asibiti. Masu kawo mata ɗinki suka rage, masu ciki ma cewa suke kar ta taɓa kayan jariri. Ta koma fita da sassafe kafin a tashi. Ta sa tsumma a ƙasan takalmin. Ba ta taɓa ɗaga wa ubanki murya ba. Da ma ta ɗaga."

"Sai ta gudu ta bar ni."

"Ba ta gudu ba." Gwaggo ta dube ni. "Ni na ce ta tafi."

"Yaya..."

"Yi shiru, Auta, wannan nawa ne." Ta matso. "Ranar da aka fara fito da ke kina tafiya a bakin ƙofa, matan layi suka leƙo ta tagogi, su ga ko ke ma za ki ja ƙafa. Na ji wata na cewa 'yar fatalwa ta miƙe. Na hau sama na same ta, na ce in kina son yarinyar nan, ki bar ta ta tashi ba da wannan sunan ba. Na ɗauka zagina za ta yi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, 'Yaya, kin fi ni gaskiya.'"

Gwaggo ta kau da kai, ta ci gaba.

"Mako guda ta yi a kan keke. Riguna ta ɗinka miki, kowace ta ɗara 'yar'uwarta girma, har na shekara shida."

"Mai ruwan ɗorawa," na ce. "Mai aljihu biyu."

"Ita ce ta ƙarshe."

"Kin ce a kasuwa kika saya."

"Na ce."

Na sa rigar nan har ta daina rufe mini gwiwa. Na yi kuka ranar da aka ce ta yi mini kaɗan. Ban san dalilin da ya sa Gwaggo ta ninke ta ta adana maimakon ta bayar ba.

"Da rana tsaka ta fita," in ji Baba. "Kina barci. Ina cikin ɗaki, lasifika a kunnena, ina aikin wani fim. Ta cire takalmin ta riƙe a hannu, ta sauka a zaune, mataki ɗaya-ɗaya, don kar ki farka. Ni da ake ce wa Kunne, ban ji fitarta ba."

"Ka neme ta?"

"Shekara biyu. Da aka ce an gan ta a wani gari na je tasha. Na zauna. Mota ta cika ta tashi ina kallo." Ya buɗe tafin hannunsa. "In ce mata me?"

"Muka canza unguwa," in ji Gwaggo. "Kina ta tambaya, kina tsayawa a bakin ƙofa. Na ce idan na ce ta yi tafiya, za ki yi ta jira. Sai na ce ta rasu. Na ce na ɗan lokaci ne, in kin yi wayo mu gaya miki. Da kika yi wayo kuma..."

"Duk sallar da na yi sai na roƙa mata sanyin kabari."

"Shiru..."

"Na toshe kunnena da filo, Gwaggo. Wata guda. Ina roƙon Allah kar ta iso ƙofata." Muryata ta fita da ƙarfin da ban san ina da shi ba. "Kin sani. Kin shiga banɗaki kin fito, kin ce in yi addu'a in kwanta, ba abin da zai hawo."

Gwaggo ta durƙusa a ƙasa, ta fara tsince fasassun kofin ɗaya bayan ɗaya. Ban taya ta ba.

"Saura abu ɗaya," in ji Baba. "Bugu biyun nan na ƙarshe. Yana cikin tsohon?"

Na san tsohon fim ɗin kamar tafin hannuna.

"Babu. A sha huɗu yake yankewa."

"Ni na yanke. In ta hawo hannunta cike, ba ta iya ƙwanƙwasa ƙofa. Da takalmin take buga gindinta sau biyu. Yana kan faifaina, amma ban ba su ba. Shi kaɗai na rage mata. Duk duniya ba wanda ya san bugun nan sai ni da ita."

"Me yake nufi?"

"A buɗe."

Takardun da suka zo da kwafin suna cikin jakata. A shafi na ƙarshe akwai lambobin waɗanda 'yan jarida za su iya kira. Na bi da yatsa har na kai kan mai haɗa sauti. Ni da nake rubuta abin da zan faɗa a takarda kafin in kira kowa, ban rubuta komai ba, na kira shi kai tsaye.

Ya ɗauka a bugu na uku. Na faɗi jaridar da nake wa aiki.

"A'a, ke ce mai sharhin nan? Don Allah ki sassauta mana. Mun san ba mu kai na da ba, mu ma kunya muke ji."

"Takun," na ce. "Wa ya yi muku?"



"Wata baiwar Allah ce. Da tsohon da ya haɗa sautin na da ya hana mu faifansa, sai muka yi sanarwa muna neman mai iya kwaikwaya. Mutum sun fi hamsin, duk wasan yara. Ranar ƙarshe muna tattara kaya, sai muka ji ana hawowa benen sutudiyo. Wallahi mataimakiyata ƙarƙashin tebur ta shige. Ƙofa ta buɗe, sai ga wata dattijuwa da sanda, tana haki. Ta ce, 'Na ji kuna neman tafiyata.'"

Baba ya matso da kujerarsa. Na ƙara sautin wayar.

"Sau ɗaya muka ɗauka, ba a sake ba. Ta ce kar a sa sunanta. Sharaɗinta guda, bugu biyun da ta yi a ƙarshe kar a yanke. Na ce mata, Mama, ai ba ya cikin labarin. Ta ce, 'Bar shi. Akwai mai ji.'"

Baba ya rufe fuskarsa da hularsa.

"Ta bar lamba?"

"Ta shagon ɗinkin da take aiki. Ba ta riƙe waya. Amma ban san ko ya dace in..."

"Ni ce numfashin da ke cikin tsohon," na ce.

Ban san ko ya gane ba. Sai na ji yana buɗe takardu. Ya karanto lambar, na rubuta a bayan hannuna.

Gwaggo na nan a ƙasa, fasassun kofi a tafinta.

"Shiru, in ta ƙi ki fa?"

Na dubi lambar da ke bayan hannuna. Na danna.

Wata mata ce ta ɗauka, ƙarar kekunan ɗinki a bayanta.

"Eh, ina ji? In ɗinki ne sai sati mai zuwa, mun cika."

Na faɗi sunan mahaifiyata. Karo na farko ke nan da na faɗe shi ba a cikin addu'a ba.

"Tana sama tana yanka. Kar ki kashe, saukowarta sai a hankali." Ta ɗaga murya. "Anti! Ana nemanki a waya! Ku tsayar da kekunan nan mana, mutum ba ya jin kansa."

Na ji an ajiye wayar a kan tebur. Kekunan suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Sai daga nesa, can sama:

Tik. Ƙwam... shaaa.

Hannuna ya tashi da kansa zai tafi kunnena. Na mayar da shi. Na matse wayar da shi.

Tik. Ƙwam... shaaa.

Baba na ƙirgawa a gwiwarsa. A tsakiya ta tsaya ta huta. Mu uku a falon muka riƙe numfashi tare da ita. Ta ci gaba. Kusa. Kusa. Sandar ta jingina da tebur. Aka ɗauki wayar.

Numfashi ɗaya, dogo.

"Wa ke magana?"